Bokiti Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe huɗu na asuba, a arewacin Minnesota,
ƙanƙarar da ta kwana bisa rufin ɗakin taro
ta narke ta ƙasa, ta nemi hanya,
ta samu.

Sunana Wendell Tuomi. Shekara ashirin da biyu ke nan
makullan kwalejin garin nan suna kaɗawa a ƙuguna.
Na jera bokiti goma sha ɗaya a kan daɓen katako,
kowanne da muryarsa:
na kusa da dandamali ɗis, sai ya yi tunani, ɗis,
na bakin ƙofa kuwa baki abin magana.

Yau ne ake yaye ɗaliban jinya.
Kujeru ɗari biyu da na shirya jiya da yamma
suna tsaye cikin ruwa kamar shanu a mashaya.

Bernadette ta ofishin kula da ɗalibai
ta iso da rigar sanyi a kan kayan barci,
ta dubi silin, ta dube ni,
ba ta ce uffan ba.
Ta ɗauko alƙalami mai kaurin baki ta rubuta:
Taro ya koma ɗakin cin abinci,
ƙarfe biyu, ba goma ba.
Takarda sha bakwai ta manna, har a ƙofar bayi.
Sannan ta zauna kan waya, lamba bayan lamba,
don akwai kakar da za ta taso daga Duluth a bas,
akwai uban da ya roƙi awa biyu a wurin haƙar tama
aka ba shi da ƙyar.

Ɗakin cin abinci kuma sanyi kamar cikin firji.
Tukunyar ɗumama ginin ta girme ni,
kuma yau ta zaɓa ta yi gardama:
bawul ɗaya ya saki,
ka ɗauke hannu, wuta ta mutu.
Sabon yana hanya, wai sai Alhamis.

Minti hamsin ina tsugune a ɗakin ƙasa
riƙe da sifana, gwiwa tana ƙara.
Ban ga hula ba, ban ga fure ba.
Amma bututu ba ya riƙe sirri.
Tafi ya riƙa gangarowa ta cikin ƙarfe
kamar yayyafi a kan kwanon maƙwabta.
Na ƙirga: talatin da ɗaya.
Na ashirin da tara ya fi daɗewa,
har da kukan jariri a ciki.
Na ce, wannan Pa Houa Vang ce.

Ita ce kan zo shida saura
ƙofar ɗan ɗakin nan na bayan laburare,
inda ɗalibi ke ɗaukar shinkafa da gwangwanin wake
ba a tambaye shi suna ba.
Allon ƙofar ya ce sai takwas ake buɗewa,
lokacin da baranda ta cika da idanu.
Makullina dai bai iya karatu ba.
Nakan murɗa, in juya baya,
in goge tagar da babu datti a jikinta
har in ji takunta ya yi nisa.
Zango huɗu, ba mu taɓa wuce gaisuwa ba.

Da na hau sama an watse.
Ɓarɓashi a ƙasa, balan-balan ɗaya manne da silin,
ɗakin da ɗumi kamar cikin aljihu.
Bernadette na ɓamɓare takardunta ɗaya bayan ɗaya.
Ta nuna mini da haɓa.

A kan bokitin da na kife a lungu,
yankan kek a farantin takarda,
cokali, da rubutu a gefe:
Na mai makullai.

A tsaye na cinye.
Na kusa da dandamali ya kusa cika.
Masu rufi za su zo Litinin, in ji ofis.
Haka suka ce bara.